Shekarar da Aka Ce Na Shaƙe Muryar Alaramma

Maude ɗan Goggo Asabe, taubashina, shi ne ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu a Gummi, cikin watan azumi, ya faɗa wa mutane cewa ni Lawali ina rage ƙarar lasifika da gangan idan Alaramma Bello ya fara jan baki, don in rama ɓarnar da shanun danginsa suka yi mini a fadama. Wato na shaƙe muryar mai karanta Alƙur'ani saboda shinkafa. Na rubuta zancen a farkon babin nan yadda yake, ba kwana-kwana, domin na san ku 'ya'yana kun ji shi guntu-guntu a bakin mutane, kuma na san akwai cikinku wanda aka taɓa yi wa gori da shi ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, bai faɗa mini dalili ba. Ban yi karatu mai nisa ba, tun ban gama sakandare ba na fita na kama gyaran rediyo, don haka kada ku nemi tsari a rubutuna. Abin da ya faru kawai za ku samu.

Tun kafin a haifi mafi yawanku nake riƙe da lasifikar masallacin nan. Ba wanda ya naɗa ni. Wata rana amfilifaya ta yi hayaƙi ana cikin kiran salla, aka aiko a kira mai gyaran rediyo, na gyara, daga nan makullin ɗan ɗakin kayan ya zauna a aljihuna. Ni ke sharar ƙurar kayan, ni ke hawa hasumiya in cire gidan zanzaro daga bakin lasifika, ni ke tashin janareta idan babu wuta. A cikin azumi aikin ya fi nauyi, saboda tafsirin bayan la'asar. Kun san yadda ake yi: mutum biyu ne, mai jan baki ya karanta aya, malam ya fassara. Liman Shehu ke fassara. Mai jan bakin kuwa Alaramma Bello ne, daga wata ruga ta wajen Nasarawa Burkullu, mutum siriri marar yawan magana, wanda kowace shekara yake zuwa ya sauka gidan Liman har a ga watan Salla. Idan ya ɗora tafin hannu a kunne ya ja aya, mata a cikin gidaje suna ajiye muciya su saurara. Saboda shi makiyaya suke zuwa a babura daga nesa, su cika sahun baya, su zo da ƙwaryar nono a raba a buɗa-baki. A wannan zamani da kowa ke kallon ɗan'uwansa da gefen ido, masallacinmu na cikin wuraren da manomi da makiyayi suke zama kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya tambayi wani daga ina yake.

Maganar shinkafa kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. A shekarar da ta gabaci wannan, shanu sun shiga mini fadama shinkafa tana gab da yanka, suka kwantar da kusan rabinta. Na yi faɗa, na ɗaga murya a kasuwa yadda kowa ya ji, don kun san bakina. Mai shanun yana da zumunci da Alaramma ta wajen uwa. Aka zauna gaban mai unguwa aka sasanta, Alaramma da kansa ya tako har gidan nan ya ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba, muka ci abinci kwano ɗaya a zaure. A wurina magana ta mutu a ranar. Ashe akwai wanda ya ɗauke ta ya ajiye.

Abin da ya canza a shekarar da nake ba ku labari shi ne kwamfuta. Alhaji Isa, ɗan unguwarmu da ke kasuwanci a Legas, ya aiko wa masallaci da ita, irin ta tebur mai akwati, da makirfo sabo mai shiga jikinta. Buƙatarsa guda ce: kullum kafin a fara tafsiri a kira shi ta cikin kwamfutar, a bar kiran a buɗe, shi da iyalinsa su saurara daga can. Wanda ya kawo ta ya nuna mini inda zan danna, ya nuna mini alamar ƙara a kusurwar allo, ya hau mota ya tafi. Amfilifayarmu dama ramin makirfo ɗaya ya rage mata mai aiki, ɗayan ya ƙone. Sai na ga gyara ya zo: makirfon Liman ya shiga amfilifaya kai tsaye yadda aka saba, sabon kuma na ba Alaramma, muryarsa ta bi ta kwamfuta sannan ta fito lasifika. Na ba shi sabon ne don girmamawa, don muryarsa ta fi cancantar kaya mai kyau. Wannan ma daga baya aka juya shi ya zama hujja a kaina.

Ranar farko lafiya. Daga nan sai abin ya soma. Alaramma zai fara, muryar ta fita rangaɗau, kafin a yi nisa sai ta riƙa komawa ciki, kamar mutum yana tafiya yana nisanta da kai, har na sahun baya su daina ji. Liman ya karɓa, tasa muryar ta fito tas. Alaramma ya dawo, shiru-shiru. Ina zaune a ƙofar ɗan ɗakin kayan, gumi na keto mini, mutane suna waigowa suna kallona.

Babu abin da ban yi ba. Na canza waya. Na goge bakin kowane rami. Na zargi janareta na aro batir. Na hau hasumiya da azumi a bakina, rana tsaka, na sauko jiri na ɗibata. Idan na murɗa amfilifaya don in ɗaga Alaramma, sai makirfon Liman ya yi ƙara mai tsaga kunne, tsofaffi su toshe kunnuwa suna salati. Alamar ƙarar da aka nuna mini a kusurwar allo kuwa a cike take kullum, ba ta taɓa motsi ba. Na kashe kwamfutar na kunna, muryar na nan a ƙasa, kamar ta haddace inda aka bar ta. Abu ɗaya na gano da lalube: idan na zare makirfon na soka shi a wani ramin daban, murya takan dawo na ɗan lokaci. Shi na riƙa yi idan abin ya ƙazanta. To ku duba yadda hakan yake a idon mai kallo. Murya ta yi ƙasa, mutane sun yi gunaguni, Lawali ya shiga ɗaki ya taɓa wani abu, murya ta dawo. Wa zai ce ba a hannunsa abin yake ba?

Maude ɗan kasuwar hatsi ne, kun san rumfarsa. Ba shi da wani muƙami a masallaci, amma kullum yana sahun gaba, shi ke shimfiɗa wa malamai darduma, shi ke gyara wa Alaramma sandar makirfo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya hura masa iska kafin a fara. Ni da shi tun muna yara muke wasan taubasai. Ya kira ni mai kunnen rediyo, in kira shi mai cikin buhu, a yi dariya. Taubashi yana da izinin faɗa maka abin da ko yayanka ba zai faɗa ba, kuma idan ka yi fushi kai ne abin dariya. Ta wannan ƙofar ya shigo. Muna buɗa-baki a harabar masallaci, mutane cike, ya ɗaga kofin kunu ya ce:

"Taubashi, wai har yanzu shinkahwar nan ba ta narke maka a ciki ba? Ka sakar wa bawan Allah murya hakanan, ai ba shi ya yi kiwon ba."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na ce masa ya sha kununsa kada ya ƙware. Amma na lura makiyayan da ke gefe ba su yi dariya ba.

Washegari ya sake faɗa, dariyar ta ragu. Rana ta gaba ya faɗa a ƙofar masallaci, ba kofi a hannunsa, ba murmushi a fuskarsa, ba ni a wurin. Har da ƙarin cewa ya sa ido ya ga duk lokacin da aka yi magana sai in saki muryar, kuma me ya sa makirfon Liman bai taɓa lalacewa ba? Tambaya ce da ni kaina ba ni da amsarta a lokacin. Kafin azumi ya raba tsakiya, sahun baya ya fara zama fili. Babura suka ragu, ƙwaryar nono ta daina zuwa. Mutanen da na gyara wa rediyo shekara da shekaru suna amsa sallamata a taƙaice. Wani tsoho da nake ganin girmansa ya tare ni a hanya ya ce mini in ji tsoron Allah, ya wuce bai jira na buɗe baki ba.

Liman ya kira ni zaurensa. Mutumin kirki ne, amma ba ya son hayaniya.

"Lawali, ni ban yarda da zancen ba," in ji shi. "Amma ka ga yadda gari ya ɗauka. Kawo makullin a ba wani na 'yan kwanaki, hankali ya kwanta."

"Wa za a ba, Malam?"

Ya sunkuyar da kai. "Maude ya ce zai iya. Kunnawa da kashewa ne kawai."

Na ciro makullin na ajiye a kan buzunsa. Na tashi na fita, don na san idan na fara magana ba zan tsaya inda ya dace ba.

A gida Innarku ta ga fuskata ta gane. Tana tankaɗe ta ce:

"Alhamdu lillahi. Shekara nawa kana hawan hasumiya ba ko sannu? Su riƙe kayansu. Ka zauna ka yi azuminka kamar kowa."

"Ba makullin ke damuna ba, Rabi. Sunan da anka liƙa mini."

"Suna ai Allah ya san gaskiya."

"Allah ya sani. Ɗiyana hwa? Da mi za su amsa in an ce ubansu ya rage wa Alƙur'ani ƙara?"

Ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfin da ya fi na da.

Na yi zaton idan kayan suka koma hannun Maude abin ya ci gaba, kowa zai gane ba ni ba ne. Abin ya ci gaba, har ya fi da muni. A hannunsa muryar Alaramma tun aya ta farko take fitowa a shaƙe. Daga tsakar gidan nan nake jin Liman shi kaɗai, sai shiru mai tsawo, sai Liman kuma. Amma maimakon a wanke ni, sai zance ya koma cewa na ɗaure kwamfutar kafin in miƙa makulli. Wasu suka ce da lambar sirri, wasu suka ce da abin da ya fi lamba. Na daina zuwa tafsiri. Salla ma sai in tafi masallacin bakin kasuwa. A kwanakin nan ne na san cewa mutum yana iya jin yunwar azumi bai ji ta ba, saboda abin da ke ƙirjinsa ya fi ta nauyi.

Wata safiya da hantsi aka yi sallama. Na fito na tarar da Alaramma Bello a ƙofa, jakarsa rataye a kafaɗa. Muka shiga zaure.

"Malam Lawali, gida za ni," ya ce. "Mutanenmu sun daina zuwa, ni kuma ina karatu ba a ji. Amma ban iya tahiya ban tambaye ka da bakina ba. Kai ka yi?"

"Wallahi ba ni ba ne."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya sauke jakar ya jingine ta da bango.

"To in ba kai ba ne, wani abu ne. Tashi mu tai mu gan shi."

Shi ya je wurin Liman ya karɓo makullin, wanda Maude ke ajiyewa can idan zai tafi rumfa. Muka shiga masallacin babu kowa. Na kunna kaya, Alaramma ya zauna a mazauninsa ya yi ta'awwuzi ya fara. Murya a ƙasa, inda aka bar ta jiya. Na yi dabarata ta sauya rami, ta dawo. Ya yi ta karatu, ina jiran ta faɗi, ba ta faɗi ba. Ya ɗaga murya, ya sauke, ya matso, ya ja baya, tana nan daram. Raina ya ƙara ɓaci, don wannan ma zai zama shaida a kaina: ga shi da Lawali ya so, ta yi.

Sai na kira yayarku Hauwa'u. A lokacin tana aure a Sakkwato, tana aiki a shagon buga takardu, ita ce kaɗai a gidan nan da ta saba da kwamfuta. Na sa wayar a amsa-kuwwa na zayyana mata komai. Ta saurara, sannan ta ce:

"Baba, alamar da kake kallo a kusurwa ta abin da ke fita ce. Makirfo yana da tasa daban a ciki. Akwai wata manhaja a kwamfutar mai rabon sauti, kamar mai ban ruwa a fadama, kowane fangali da bakinsa. Kai babban bakin kake kallo, ƙaramin ne wani ke toshewa."

"Wane ne wanin?"

"Shi za mu nema. Danna alamar, ka nemi inda anka sa saitin sauti."

Abin da ya biyo baya sai da haƙuri. Rubutun Turanci ne ƙanana, idona ba kamar da ba, ina karanto mata harafi-harafi tana cewa ba nan ba, koma baya. Sau biyu na rufe komai ba da niyya ba. Alaramma ya tashi ya zo ya tsaya a bayana, ya riƙe mini wayar kusa da kunne. Daga ƙarshe wani shafi ya buɗe, ga sunan makirfon, ga wani dogon layi a ƙarƙashinsa da ɗan maɓalli a kai, wanda ban taɓa gani ba tun zuwan kwamfutar. Maɓallin yana can sama.

"To yanzu lafiya yake," in ji Hauwa'u. "Mi kuke yi da la'asar wanda ba ku yi yanzu ba?"

Na ce babu. Na lissafa mata: janareta, amfilifaya, kwamfuta, makirfo. Alaramma ne ya ce a hankali:

"Ba ka kira Alhaji ba."

Haka ne. Duk gwajin da na yi da safe a kwanakin baya, ban taɓa buɗe kiran ba, don ba zan dami mutum a Legas yana kasuwarsa in ce ya saurari gwaji ba. Hauwa'u ta ce in kira ta ita ta cikin kwamfutar, in bar shafin layin a buɗe, kada in ɗauke ido daga kansa. Na kira, ta ɗauka. Alaramma ya koma ya zauna ya ɗora hannu a kunne. Yana kaiwa wurin da ake jan harafi da tsawo ya ɗaga murya, sai na ga maɓallin ya ɗan zame baya da kansa. Hannuwana duka biyu suna kan gwiwata. Na murza ido. Ya sake ja, ya sake zamewa kaɗan.

"Yana motsi!" na ce. "Hauwa'u, yana tahiya da kanshi!"

Alaramma ya katse karatu ya leƙo. Ya ce in mayar da shi sama ya gani da idonsa, na mayar. Sai ya ce bari mu yi komai yadda ake yi da la'asar, kada mu tsallake ko ɗaya. Ya koma wurin makirfon, ya gyara tsayuwa, ya turo ciki gaba irin na Maude, ya dunƙule hannu ya buga wa makirfon, bum, bum, bum, ya hura masa iska, fuu. Ni ban san haka abin ya koma ba. A zamanina da yatsa Maude ke ƙwanƙwasawa. Ashe tun da ya fara zargina yake ƙara ƙarfi don ya tabbatar a kunne yake, da makulli ya koma hannunsa kuwa sai ya koma dundu, har a tsakiyar karatu yakan miƙo hannu ya ƙara masa idan ya ji murya ta yi ƙasa.

A bugun farko maɓallin ya zabura. A na uku ya kusa kaiwa ƙarshen layi. Muka tsaya muna kallonsa kamar waɗanda suka ga maciji ya fito daga buta.

Hauwa'u tana dariya a cikin kwamfutar har da tari. Ta ce manhajar kiran ce, an yi ta ne don hirar mutum da mutum, idan ta ji ƙara ta yi yawa sai ta sa hannu ta rage makirfo don kada kunnen na can ya yi zafi. Saukewa take yi da sauri, ɗagawa kuwa da ƙyar, musamman da muryar Liman ke shigo mata daga lasifika tana zaton akwai isasshen sauti. Mai rabon sautin kuma ba ya mantuwa, inda aka bar shi nan yake ajiyewa har gobe. Na Liman bai taɓa lalacewa ba don bai bi ta kwamfuta ba. Ta bi da ni cikin saitin kiran har muka sami ɗan akwatin da ke ba ta wannan izini, na cire alamar da ke ciki. Na mayar da maɓalli sama. Alaramma ya sake dundu, ya ƙara, har na ce ya isa kada ya fasa mana kaya. Maɓallin bai motsa ba.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na jingina da bangon ɗan ɗakin nan ina ta alhamdu lillahi, hawaye na zuba, ni da ban yi kuka ba ranar da shanu suka cinye mini shinkafa. Har a ranar, a can ƙasan zuciyata, na fara tunanin ko dai wani abu na taɓa ba da sani ba, ko dai da hannuna a ciki. Ganin maɓallin nan yana tafiya ba kowa kusa da shi ya sauke mini dutse daga ƙirji. Alaramma ya zauna kusa da ni, ya dafa kafaɗata ya ce:

"Malam Lawali, ka tashi ka kai mini jakata gidan Liman. Na fasa tahiyar."

Mun nuna wa Liman da idonsa kafin azahar. Na mayar da alamar, aka buga, ya ga maɓalli ya gudu, na cire, aka buga, ya ga ya tsaya. Ya yi salati ya riƙe haɓa. Na ce ina son a faɗa a lasifika, da sunan wanda ya buga da wanda ya yaɗa. Sai ya ce:

"Haƙƙinka ne. Amma Goggonka, uwar Maude, tana kwance, kuma daga ɗakinta tana jin lasifikar nan. Ƙanwar ubanka ce, ita kaɗai ta rage. Ka zaɓa."

Na zaɓa. Ba don Maude ba, don tsohuwar da ta goya ni. Da la'asar Liman ya sanar cewa an gano matsalar, daga cikin na'urar take, babu hannun Lawali, duk wanda ya yi zato ya nemi gafara. Bai ambaci dundu ba, bai ambaci kowa ba. Sannan Alaramma ya fara, muryar ta tashi ta cika unguwa tun daga ayar farko har aka shafa addu'a. Innarku ta ce a tsakar gida ta tsaya da ludayi a hannu har miya ta kama. Kafin goman ƙarshe babura sun fara dawowa, ba duka ba, amma sun dawo. Wani dattijo cikinsu ya miƙo mini ƙwaryar nono da hannunsa, ya ce in fara sha.

Abin da zaɓin ya ci mini shi ne wannan: ƙarya ta fita da suna da labari mai daɗin maimaitawa, gaskiya ta fita a jimla biyu marasa gishiri. Har yau akwai masu cewa da aka matsa mini ne na kwance abin da na ɗaura. Na san su, ina gaisawa da su. Goggo ta rasu ba ta ji komai ba, Allah ya jiƙanta, kuma ban yi nadama ba. Amma yanzu babu wanda nake karewa, shi ya sa na rubuta muku.

Maude bai zo neman gafara ba. Ya ji sanarwa yana sahun gaba, ya shafa addu'a, ya naɗe darduma ya fita. Na ba shi har bayan Salla ko zai tako. Da bai tako ba, ranar kasuwa na je rumfarsa. Yana auna wa wata mata gero, ya hango ni ya washe baki.

"A'a, mai kunnen rediyo! An ce aljanin kwamfuta ya tuba. Zauna mana, ko har yanzu hushi kake da wasa?"

Na jira matar ta ɗauki kayanta ta tafi, don ban zo tara masa jama'a ba. Ban zauna ba. Na ce:

"Maude, hannunka ne ya shaƙe muryar Alaramma. Dundun da kake yi wa makirfo shi ke rage ta, ni da Liman da Alaramma mun gani da idonmu, mun rufe saboda Goggo. Wannan ban riƙe ka da shi ba, ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da na riƙe shi ne ka san ni tun muna tsirara, ka san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba, ka ɗauki sunana ka kai ƙofar masallaci, sannan ka ce wasa ne. In ɗanka ya yi aure zan zo, in ka yi ciwo zan duba ka, in ka riga ni zan ɗauki gawarka. Amma daga yau Lawali za ka ce mini, in ce maka Maude."